Aljanin Bakin Rafi da Irin Agushin Kaka

A gidanmu na Bukan Sidi ba a jin tatsuniya hannu na zaune. Dokar Kaka ce, mahaifiyar Baba, kuma ban taɓa ganin ta ɗaga wa kowa ƙafa a kanta ba. In an idar da sallar magariba, Umma ta sauke tukunyar tuwo, sai Kaka ta jawo 'yar kujerarta kusa da murhu, ta tura guntun doya cikin garwashi, ta ce a kawo tire. Tiren babba ne, gefensa ɗaya a lotse tun ranar da akuya ta taka shi. A kansa ake zuba agushin da za a ɓare a ranar. Kaka ta yayyafa masa ruwa kaɗan don ɓawon ya yi laushi, ta juya shi da tafin hannu, mu kuma mu kewaye shi, ni da ƙannena 'yan biyu, Hassana da Husaina. Muddin akwai agushi a tire, akwai labari a bakin Kaka. Ƙwayar ƙarshe na fita daga ɓawonta za ta rufe baki, ko da a lokacin kura ta riga ta kama mutum a ƙafa.

"Kaka, to ta cinye shi?"

"Ku tambayi tire," in ji ta, tana karkaɗe zane. "Ni ma a wajensa nake ji."

Agushin daga gonarta ta Adogi yake zuwa, buhu biyu ko uku a shekara, kuma duk ta hannunmu yake bi kafin ya shiga miya ko ya tafi kasuwa. Har yau in na ji ƙarar ɓare agushi, ƙas, ƙas, sai in ji ƙamshin gasasshiyar doya, in ga hasken garwashi a gefen fuskar Kaka, daidai inda tsagen Barebari ya sauko mata daga goshi. Tana da nata salon buɗe labari. Takan ce, "Ga wata nan tafe da kaya a ka." Mu kuma mu amsa, "A sauke ta, a ba ta ruwa." 'Yan biyu da ihu suke amsawa. Ni a ciki nake amsa tawa, leɓena kawai ke motsi. Shi ya sa Kaka ba ta kirana Fanna sai in na yi laifi. Kullum Malama Shiru nake.

A shekarar da na shiga aji ɗaya na sakandare na fara karanta littattafan soyayya a ɓoye. Na Yaya Binta ne, 'yar kawuna da ke zaune a gidanmu. A ƙarƙashin katifa take ajiye su, duk ta yi musu bango da takardar buhun siminti. Cikin wata uku na haddace dokokinsu fiye da yadda na haddace jadawalin lissafi. In namiji ya kalli yarinya ya yi shiru, so ne. In ya daka mata tsawa a shafi na goma, zai durƙusa mata kafin shafi na ɗari. Waɗanda na fi so kuwa su ne masu aljanu. Aljanin kullum dogo ne, yana ƙamshin turaren da ba a sayarwa a kasuwa, ya shekara dubu bai ga wadda ta yi masa ba sai wata 'yar talakawa mai zuwa ɗiban ruwa. Za a sha wuya, danginsa za su ƙi, nata za su kira malamai, amma na san inda za a ƙare. Don wannan ƙarshen nake karantawa. In littafi ya kai shafin ƙarshe ba a ɗaura aure ba, sai in ji kamar an ba ni tuwo ba miya.

A makaranta akwai wani benci a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, bayan ɗakin gwaje-gwaje. 'Yan mata huɗu na ajinmu ne ke zama a kai lokacin hutun tara, suna musayar irin waɗannan littattafan. Shugabarsu Dooshima ce, 'yar Tibi, doguwa mai wushirya, wadda in ta yi dariya har ofishin shugaban makaranta ana ji. Tana karanta Hausa da sauri fiye da kowa, amma in tana magana ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne a wajenta. Dokar bencin ɗaya ce: sai kina da littafin da za ki bayar za ki zauna. Ni na yi zango guda ina tsayawa a jikin bango ina cin gyaɗata, ina kallonsu. Na san wadda ke lanƙwasa kunnen shafi, na san wadda ke fara karanta ƙarshe kafin farko, amma ko sunana ban tabbata sun sani ba. Lokacin da na yi shawarar in saci littafi ɗaya na Yaya Binta in kai, sai ga shi ta sami makarantar koyon aikin jinya. Ta zuba su duka a akwati, ta kulle, ta tafi da makullin.

A cikin bazarar nan ne, zafi ya yi zafi, mangwaro ya fara nuna, Kaka ta buɗe buhun agushi na ƙarshe, ta kuma buɗe wani labari da ba mu taɓa ji ba.

Labarin wata yarinya ce mai suna Kande, wadda sana'ar uwarta yin alabo ce, wato garin rogo. Kullum Kande ke kai rogo rafi ta jiƙa shi a wani lungu mai zurfi kusa da falalen dutse, bayan kwana uku ta dawo ta tsame, ta shanya. Wata safiya ta zo ta tarar an riga an tsame mata rogon, an matse, an shanya shi a kan dutse layi-layi. Ta duba gabas ta duba yamma, ba kowa. Washegari ma haka. A rana ta uku ta yi sammako ta ɓuya a bayan gamji, sai ta ga wani saurayi ya fito daga tsakiyar ruwa, dogo, rigarsa fara fat, kuma ko ɗigon ruwa babu a jikinta. Ya ɗaga kai, suka haɗa ido. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya rufe, ya koma cikin ruwa.

Agushin da ke hannuna ya faɗi. Dogo. Ya kalle ta. Ya yi shiru. Ai na san wannan hanyar, na bi ta ya fi sau ashirin a ƙarƙashin katifar Yaya Binta. Ban taɓa zaton Kaka, wadda labaranta duk na kura da maƙetacin sarki ne, tana da irin wannan a ajiye ba.

Washegari da hutun tara na tsinci kaina a gaban bencin. Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni ba.

"Ina littafinka?" in ji Dooshima.

Na ce ba ni da littafi, amma ina da labari. Sai da ta sa na maimaita, don ba ta ji ba.

"Wane iri?"

"Na aljani."

"Akwai soyayya?"

"Akwai," na ce. Kuma har zuciyata na yarda da abin da na faɗa.

Ta matsa kaɗan, ta bar min gefen benci, daidai inda wata ƙusa ta fito. A kan ƙusar nan na zauna na ba su labarin Kande, idona a kan takalmina. Da na kai inda rigarsa ba ta jiƙe ba, wadda ke kusa da ni, Rakiya, ta kama hannuna ta matse. Da aka kaɗa ƙararrawa Dooshima ta ce, "Gobe ka zo da sauran. Kar ka manta ko ɗaya."

Haka muka yi kusan mako biyu. Da yamma in ɓare agushi in kwashi labari, da safe in kai shi benci. Na koyi riƙe komai: yadda aljanin ya kori kada daga hanyar Kande, yadda ya ɗauke mata kwando har bakin gari yana tafe a bayanta taku bakwai, yadda in ta juyo sai ya tsaya yana haƙa ƙasa da babban yatsan ƙafa. Kullum sai ya ce, "Kande, akwai magana a bakina," ita kuma ta ce, "Ina ji," sai ya ce, "Bari dai sai gobe." A benci an riga an gama shirya biki. Rakiya ta ce a ƙarƙashin ruwa za su zauna, a gidan gilashi. Dooshima ta ce uwarsa za ta ba da matsala, don duk uwar aljani haka take. An daina ba ni gefen ƙusa. Tsakiya nake zama, ana ɓare min mangwaro.

Ni ce na fara lura buhun ya kusa ƙarewa. Da farko yana tsaye da kansa a jikin bango, sai ya fara sunkuyawa, sai ya zauna. Wata Talata Kaka ta ɗaga shi da hannu ɗaya ta girgiza.

"Saura na kwana biyu," ta ce. "Mu gama da shi mu gama da Kande, in huta. Ruwa ya kusa sauka, gona na jira."

Kwana biyu? Aljanin ko cewa yana so bai yi ba. A littattafan da na sani, bayan an faɗi so akwai sauran rabin littafi: iyaye, rabuwa, ciwo, dawowa, lefe. Ba yadda za a yi duk wannan ya shiga tire biyu. Kuma abin da ya fi damuna, wanda ko a raina ba na son faɗa, shi ne ranar da Kande ta ƙare, me zan kai benci? Zan koma jikin bango da gyaɗata.

Abin da ya kamata in yi mai sauƙi ne, in ce, "Kaka, don Allah ki ja labarin." Na gwada. Na je har ƙofar ɗakinta, ta ɗago ta ce, "Malama Shiru, lafiya?" Na ce ashana nake nema.

Amma a tsayawar nan idona ya sauka a kan wani tulu a bayan gadonta, an rufe bakinsa da ƙwarya an ɗaure da tsumma. Washegari da la'asar, Kaka ta shiga maƙwabta, na lallaɓa na buɗe. Agushi ne cike, manya-manya, masu baƙin layi a gefe, sun fi na buhu kyau nesa ba kusa ba. Abin da ya ba ni mamaki, duk toka ce a jikinsu. Na ce a raina, Kaka tsufa ya fara kama ta, ta bar agushi mai kyau haka cikin datti. Na ɗebi rabin tulun, na kai bayan ɗaki na sheƙe tokar tas, na juye a buhu. Buhun ya miƙe zaune kamar mara lafiyar da ya sami sauƙi. Ni 'yar gari ce. A Adogi yarinyar da ba ta kai ni ba ta san abin da ake ajiyewa cikin toka a bayan gado. Ni ban sani ba.

Sa'ar da na yi, ko in ce rashin sa'a, a ranar Kaka ta ƙunsa lalle hannu biyu saboda wani suna da za ta je a Obi. Ta zauna hannuwanta a naɗe cikin leda kamar 'yar dambe, ta sa Hassana ta zuba agushi ta yayyafa ruwa.

"Kaka, hannunki na zaune," in ji Husaina. "An karya doka."

"Wa ya kafa dokar? Ɓare, 'yar nema."

Na tabbatar an cika tiren har ya yi tozo. Kaka ta dube shi ta gefen ido ta ce yau kam buhu ya yi albarka, ta shiga labari. Ranar aljanin ya kai Kande wani wuri da kifaye ke rawa, ya tsinko mata furen bado, ya buɗe baki har sau uku. Muka ɓare tiren nan kaf. Yatsuna suka yi zafi, amma zuciyata fes.

Ranar Alhamis lallen ya kama, ya yi ja har ya koma baƙi-baƙi. Kaka ta zauna, ta tura doya a wuta, ta yayyafa wa tire ruwa da kanta, ta ce, "Ga wata nan tafe da kaya a ka." 'Yan biyu suka amsa. Ta kai hannu ta ɗauki ƙwaya ɗaya. Ba ta ɓare ba. Ta murza ta tsakanin yatsu biyu, ta kai hanci, ta karkata ta wajen hasken wuta.

"Ku cire hannu."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Muka ji ƙarar ƙwarya a bakin tulu. Ta daɗe kafin ta fito. Da ta fito ba ta kalli kowa ba. Ta ɗauki tiren ta baza abin da ke kai a kan tabarma, ta juye ragowar buhun ma, tana tsince masu baƙin layi gefe guda.

"Iri ne," ta ce wa Umma da ta leƙo daga madafa. "Irin da na zaɓa da hannuna daga 'ya'yan da suka fi girma. Tun zamanin Malam nake juya shi." Malam shi ne kakanmu, wanda ya rasu kafin a haife ni. "Wanda aka ɓare jiya ya tafi, sai miya. Wannan in ya bushe gobe, wataƙila ya tsiro."

Umma ta fara salati tana tambayar wa ya taɓa, Kaka ta ɗaga mata hannu. Ta dawo kujerarta, ta juya doya. Na tabbata labari ya mutu, kuma ni na kashe shi.

Sai kawai Kaka ta ci gaba da labarin, hannun kowa na zaune, abin da ba a taɓa yi ba a gidan.

Ta ce rannan Kande ta gaji. Ta ajiye kwandonta a kan dutse, ta riƙe ƙugu ta ce, "Bawan Allah, wata guda kana bina. Ka tsame min rogo, ka kori kada, ka ba ni fure, na gode. Yau ba inda za ka. Me kake so?" Aljanin ya haƙa ƙasa da yatsa har ya yi rami. Sannan Kaka ta toshe hancinta da yatsu biyu masu jan lalle, ta maƙale murya ta ce:

"Kande... don girman Allah... rogon nan. A ƙofar ɗakin tsohuwata kike jiƙa shi. Wata uku ke nan wari ya hana ta barci. Ta ce in ban yi miki magana ba kar in dawo gida. Shi ya sa nake tsame shi da wuri."

'Yan biyu suka faɗi ƙasa suna dariya. Umma ma da take cikin ɓacin rai sai da ta juya baya kafaɗunta na rawa. Kaka ta ce Kande ta yi dariya har ta zauna a cikin ruwa, ta ce, "To ai da ka faɗa tun ranar farko!" Ta matsar da rogonta can ƙasa, bayan gamji. Tun daga ranar, duk safiya sai ta tarar da kifi biyu a kan dutsen.

"Ba ta aure shi ba?" Muryata ce. Ta fito da ƙarfi har na tsorata.

"Wa zai ba aljanin ruwa 'yarsa? A ina za a yi jere? Katifa ta jiƙe?" Ta ciro doyar tana kankare ƙonon da wuƙa. "Ɗan maƙera ta aura, wani gajere mai kunne kamar faifai. Shi ranar da ya gan ta ya ce yana so, da bakinsa. Ta naɗe tabarmarta, ta ɗau kayanta, ta wuce gari na gaba."

Da haka take rufe kowane labari.

Da aka kira isha'i kowa ya tashi, ta ce, "Fanna, zauna." Ta miƙo min tsakiyar doyar, inda ya fi laushi.

"Aljanin da ya shiga ɗakina ya sheƙe min toka, yana da baki kuwa?"

Na fashe da kuka. Cikin kukan na faɗa mata komai, bencin, da ƙusar, da Dooshima, har littattafan Yaya Binta. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka a gabanta ba. Ta saurara tana tauna doya.

"To da kin ce min in ja labari, ai da na ja shi har kaka ta yi. Akwai buhun gyaɗa biyu a rumbu suna jiran hannu." Ta girgiza kai. "Ke da mutumin Kande uwarku ɗaya. Ku yi ta wahala a ɓoye, kalma uku ta gagare ku." Sai ta sassauta murya. "Shi wannan auren da kike nema a cikin takarda, ba laifi ba ne. Ni ma ina son labarin da aka ƙare da guɗa. Amma in mutum ya tsaya yana kallonki bai ce komai ba, kar ki yi masa fassara. Tambaye shi. Wataƙila a kan ƙafarsa kike tsaye."

Washegari a hanyar makaranta na shirya ƙarya mai kyau. Na ɗaura wa Kande aure da aljaninta, na yi lefe akwati goma sha biyu da kifaye suka ɗauko, har uwar miji na sa ta tuba. Na san in na faɗi wannan za su ji daɗi, kuma zan iya jan zaman amarci har ƙarshen zango. Na zauna a tsakiyar benci, ido takwas a kaina. Na kai inda Kande ta riƙe ƙugu ta ce, "Me kake so?" Rakiya ta rufe fuska da littafi. Sai na tuna yatsun Kaka masu jan lalle a kan hancinta, da yadda ta karkata kai gefe kamar akuyar da ruwa ya daka. Na ga abin sarai, kuma ba wanda ya gan shi a duniya kamar yadda na gan shi. Na ji ba zan iya barinsa ya tafi a banza ba. Na ɗaga hannu na toshe hancina.

Da na gama, ba wadda ta yi motsi. Mangwaro ya faɗo a bayanmu, ba wadda ta waiwaya.

"Rogo," in ji Dooshima a hankali. "Sati biyu muna jira. Rogo."

Na fara tattara jakata.

Sai ta fashe da wata dariya da ta kori tsuntsaye daga bishiyar. Ta riƙe ciki, ta sauko daga benci ta durƙusa. "Wayyo Allah! Aljanin nan yana da gaskiya! Mamana in ya jiƙa rogo a duro, ko kare ba ya bin bayan gidanmu!" Ta share hawaye ta nuna ni da yatsa. "Sake yi. Sake yin muryan."

Na sake. Na yi sau huɗu kafin a kaɗa ƙararrawa. Rakiya ce kaɗai ta ƙi dariya. Ta ce wannan zalunci ne, mutum ya ba ki fure a ce wai wari ne ya dame shi, ita ta tabbata yana son ta, kunya ce ta sa ya fake da tsohuwarsa. Aka kaure da musu. Dooshima ta yanke hukunci: "Kakanka ya cuce mu. Abeg, gobe za mu je gidanku, sai ya gyara ƙarshen nan."

Na ɗauka wasa ne. Ranar Asabar da la'asar sai ga su su huɗu a ƙofar gidanmu, sun sha kwalliya kamar masu zuwa biki. Suka durƙusa suka gaida Kaka. Dooshima ta gabatar da ƙara, Rakiya na ƙara mata gishiri. Kaka ta saurare su da fuskar alƙali, ta ce lallai maganarsu abin dubawa ce, ita ma ta ji ana cewa aljanin yana da ƙane, wanda ya fi shi baki.

"Dogo ne?" in ji Rakiya.

"Sai ya sunkuya yake shiga rafi. Hassana, kawo tire. Husaina, jawo buhun gyaɗar nan."

Kafin magariba sun ɓare rabin buhu, kwalliya duk ta koma ƙura, ƙanen aljani kuwa ko fitowa daga ruwa bai gama yi ba. Da za su tafi Kaka ta raka su da ido har ƙofa, ta juyo ta ce min a hankali, "Hannu takwas. Kin biya rabin irina."

Sauran rabin a Adogi na biya shi. Da ruwan farko ya sauka ta tafi da ni gona, ta tsaya a bakin rugar wata ƙawarta Bafulatana da suka daɗe suna maƙwabtakar gona, ta ce in shiga ni kaɗai in yi sallama, in faɗi abin da na yi, in roƙi iri. Na shiga, na faɗi komai. Matar ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, ta cika min ƙwarya, ta ƙara min da nono. Wanda muka shanya a tabarma ma ya tsiro, ba duka ba, amma ya isa ya riƙe zuriyar irin Malam. Yana nan a tulu har yau, cikin tokarsa.

Yanzu ina ajin ƙarshe. Akwatin Yaya Binta ya daɗe da buɗewa, kuma labaran sun koma cikin waya, inda aljanu suka ƙara tsawo suka kuma sami motoci. Ina karanta su, ba na ɓoyewa, kuma har gobe in aka ƙare ba a ɗaura aure ba sai in ji an cuce ni. Na sha tambayar Kaka ko dama can ƙarshen labarin Kande ke nan, ko kuwa a daren nan ta ƙera shi saboda ni, bayan ta leƙa tulunta. Kullum amsarta ɗaya ce, haka ta ji shi a wajen kakarta. Amma tana faɗa tana kallon wuta, gefen bakinta na motsi.

Abin da na sani shi ne ta ɓata min wani abu guda, kuma ban ji haushi ba. Duk sa'ad da na kai shafin da kyakkyawan aljani ya tsaya a bakin hanya, ya zuba wa yarinya ido, ya buɗe baki ya rufe, zuciyata takan buga kamar ta kowa. Sai kuma in ji wata murya ta cikin hanci daga can bayan kaina. A makon jiya wani ɗan ajinmu ya yi kwana uku yana tsayawa kusa da teburina yana kallona, ba ya cewa komai. Rakiya ta riga ta fara zaɓen ankon biki. A rana ta huɗu na ɗago na ce masa, "Malam, me kake so?"

Ya haƙa ƙasa da takalmi. Ya ce kujerar da nake kai tasa ce, tun ranar Litinin da aka yi shara aka musanya.